Talatin da Takwas

Shekara ashirin da shida Baba ya yi a masaƙa,
nan Kakuri, tsakanin injuna masu ruri.
Ya fito da tari, da takarda ɗaya a cikin leda.
Kunnuwansa kuwa can ya baro su.

Shi ya sa in an idar da isha'i
nake zama gefensa, rimot a hannuna,
wanda muka ɗaure wa baya da roba
don kada batir ya zube.
Ashirin, bai ji ba.
Talatin, ya karkato da kai.
Sai a talatin da takwas yake cewa,
"Yauwa, Ladidi, bar shi nan."

Mai karanta labarai mutum ne mai kunya,
magana yake kamar a gaban surukai.
Ya ce an kafa kwamiti.
Ya ce game da haƙƙin tsofaffin ma'aikatan...
Baba ya dire kofin shayi, ya miƙo wuya,

sai ga mata uku sun faɗo mana falo ba sallama,
da bokiti, da kumfa, da shewa:
FARI TAS! SAYA YAU! FARI TAS!
Faranti ya yi rawa a kan kabad.
Nusaiba, da na sha jijjiga kafin ta yi barci,
ta tsala kuka daga uwar ɗaki.
Maman Kuyet ta bubbuga bango da muciya:
"Maƙwabta, biki kuke ba gayyata?"

Ni ban taɓa komai ba. Wallahi ban taɓa ba.
Talatin da takwas ɗin nan ce dai.
Su suka san inda suke aro maƙogwaro.

Na danna, na danna, na sauko da su sha biyu.
Mai sabulu ta wuce, mai taliya ya shigo,
sai banki mai rantsuwa shi ɗan'uwanmu ne.
Na leƙa ɗaki, na goyo yarinya, na dawo,
ashe mai kunya ya daɗe da dawowa,
bakinsa na motsi kamar kifi a kwano.
Kafin in hau da shi inda Baba zai ji
har ya kai ga sakamakon ƙwallo.

"Me suka ce a kan kuɗinmu?"
"Ban ji ba, Baba."
"Ke ma?"

Yanzu ya haddace waƙar sabulun kaf,
yana rera ta in yana ba kaji dusa.
Ya san garaɓasa za ta ƙare ran Asabar,
ya san lambar da za a kira.
Ranar zaman kwamiti ce bai sani ba.

Ko a Kasuwar Barci, mai gwanjo
in ya ga ka tsaya yakan sassauta murya,
ya dubi idonka, ya ce nawa ka saya.
Waɗannan ba su ga idon kowa ba.
Sun ɗauka duk mun tashi ɗebo ruwa,
suna ƙwala mana kira har bakin famfo.

Jiya ana tsakiyar FARI TA...
aka ɗauke wuta.

Kafin janareton Kuyet ya yarda ya tashi
mun samu minti uku, ko huɗu.
Na ji fanka tana ƙarasa juyinta.
Na ji numfashin Nusaiba a bayana.
Sai Baba, a cikin duhu, can ƙasa-ƙasa,
ya ce, "Ranar da aka kashe injuna
mun tsaya cirko-cirko, mu ɗari da wani abu.
Ba wanda ya iya magana a hankali.
Mun manta yadda ake yi."

Ya ƙara faɗin wani abu, bai iso gare ni ba.
Na tsinci babban yatsana a kan rimot
yana ta dannawa,
yana neman ƙaro shi.