Shaidar Bango

Shekara talatin ina rubuta allunan shago a Nima.
Aski, ɗinki, gyaran waya, ana sayar da ƙanƙara.
Na zana kaza, na zana almakashi,
na zana kan mutum da askin da babu shi a duniya.
Ruwa ne kawai ban taɓa zanawa ba.

Rahinatu ce ta zo, 'yar Maikano mai gyaran rediyo,
wadda ta tafi Legon ta dawo da jaka cike da lissafi.
Ta shimfiɗa takarda a kan bencina,
ta ce, Baba Isiyaka, ga ruwan saman shekara arba'in.
Na duba. Tururuwa a jere.
Na ce, 'yata, wannan ko liman ba zai karanta wa jama'a ba.
Ta ce, abin da ya kawo ni ke nan.

Muka nufi bangon bakin babbar kwata,
inda leda ke kwana, gorar roba ke hayayyafa.
Ita da igiyar awo, ni da gwangwanin shuɗi.
Ta ce, nan, idon sawu, shekarar da aka yaye ni.
Na ja layi.
Nan, gwiwa. Na ja.
Nan, ƙugu.
Sai ta ɗaga hannu ya wuce kafaɗarta, ta yi shiru.
Ban tambayi shekara ba.
Na san daren.
Ni na fito da keken ɗinkin maƙwabci a ka,
takalmina ya riga ni tafiya teku.

Kafin la'asar an taru kamar ana rabon gado.
Hajiya Memuna ta bar kokonta a wuta,
ta zo ta tsaya, ta auna layin da ido.
Ta ce, ƙarya ne, ƙara yatsa uku.
Ruwan ya taɓa hoton maigidana a bango,
har yau gemunsa a jiƙe yake.
Na ɗauka mai ilimi za ta yi gardama.
Ta buɗe littafinta, ta soke, ta gyara,
ta rubuta sunan Hajiya a gefen lambar.

Daga nan bango ya ƙwace daga hannuna.
Yaron mota ya kawo tsayin tayar da ta nutse,
malamin makaranta ya kawo rajista mai tabon laka,
wata ta kawo suna kawai.
Na rubuta shi ƙanana, da farin fenti.

Tsoho Ɗanjuma ya buga sanda, ya ce ruwa na Allah ne.
Hajiya ta ce, na Allah ne, Malam.
Ledar fa, ta wa?

Akwai layi ɗaya can sama, sai da tsani.
Shi Rahinatu ta hana ni fenti, ta miƙo mini alli.
Ta ce, wannan bai zo ba tukuna.
Teku na ɗumi, hadari na ƙara nauyi,
siminti ya rufe bakin ƙasa, ba ta iya sha.
Rabonmu a laifin kaɗan ne,
amma a ƙofarmu ake sauke kayan.
Wani yaro ya ce, to a goge shi mana.
Ta ce, da hannu nawa?

Ran Asabar mutum goma sha ɗaya suka zo da shebur.
Na ƙirga. Unguwa guda, goma sha ɗaya.
Na biyun mako, ashirin da wani abu,
har da Ɗanjuma, yana ba da umarni daga inuwa.
Takardar da muka kai ofis ba a amsa ba har yau.

Duk ruwan da ya sauka yana wanke allin.
Da safe in jingina tsani in sake ja,
hannuna na so ya sauko da shi ko da yatsa ɗaya.
Rahinatu na ƙasa, riƙe da tsanin.
Ta ce, a'a Baba. Inda yake.