Ciwon Ƙarfe Biyar

A kasuwar Nhat Tao, tsakiyar Saigon,
inda rumfa ke gogar kafaɗar rumfa,
shagon Kawu Khiem bai fi taku uku ba:
shi, da ni, da fanka mai tari,
da gwangwanin madara cike da kusoshi marayu.

Bara hannunsa ya soma rawa,
sai ya ce in zama yatsunsa.
Shi ya riƙe hanci da kunne.
Yakan sunsuna cikin rediyo ya ce, "Nan ya ƙone,"
tun mitata ba ta buɗe ido ba.

Wata Talata, ruwa na dukan kwano,
Malama Tuyet ta sauko daga bayan babur
da kwamfuta naɗe a tawul kamar jinjira.
"Suma take yi," in ji ta, "kullum ƙarfe biyar."
Batirinta ya mutu tun ina firamare,
irinsa ma ya bar kasuwa,
da igiyar bango kaɗai take numfashi.

Na kwance ta. Kusa goma sha ɗaya,
kowace na ajiye inda zan tuna gidanta.
Na hure ƙurar shekaru,
na ɗiga dalma inda tsohuwar ta tsage,
muka kunna, muka zuba ido.
Biyar ta yi. Shida ta yi.
Ko atishawa.

Alhamis ta dawo. Asabar ta dawo.
Na sauya caja, na sauya fanka,
na bi kowace jijiya da allura biyu,
har na ce a raina: tsohuwar nan mafarki take.
Kawu ya ji abin da ban faɗa ba.
"Ranar da kika fara ƙaryata mai kaya,
ranar kika fara rufe shago.
Wanda ya warke a asibiti ya kwanta a gida,
ba jikinsa za a sake dubawa ba.
Ɗauki jaka."

Lungu cikin lungu,
wayoyin wuta sun cukurkuɗe a sama kamar taliya,
bene na uku, ɗaki ɗaya.
Hoton wani mutum mai tabarau a kan kanta,
tsinken turare na ci a gabansa.
Na zauna a ƙasa na kunna ta.
Lafiya lau.

Biyar saura kaɗan Malama ta miƙe,
ta wanke shinkafa sau uku,
ta zuba a tukunyar lantarki,
ta danna.

Ɗif.

Na bi igiya da rarrafe har bayan kabad:
soket ɗaya, bakinsa ya yi baƙi,
tukunya da kwamfuta na shan nono guda,
babba na ture ƙarama.
Kwana biyar ina neman ɓarawo cikin akwati,
ashe yana madafa yana dafa abinci.

Aikin bai ci minti goma ba.
Na ɗaure wayar da ta saki, na raba musu hanya.
Ta buɗe tukunya, tururi ya tashi,
shinkafar ta fi cikin mutum ɗaya.
"Shekara huɗu ke nan," ta ce, tana kallon kanta,
"hannuna ya ƙi koyon awon mutum guda."
Na ci da kifi da miya mai tsami.
Ban karɓi kuɗi ba, ita ma ba ta yi tayi ba.

Litinin sai ga ta kuma,
wannan karon da ƙaramar rediyo.
Kawu ya sunsuna, ya kara a kunne, ya murɗa:
murya tangaran, ko ƙaiƙayi babu.
Ya daɗe yana juya ta a hannunsa mai rawa.

"Wannan," ya ce, "zai ɗauki lokaci.
Ja mata kujera.
Ki ce wa mai kofi uku ne yau."