Wasiƙar Mantau a Baƙin Allo

Kuran ya dawo bayan la'asar.
Na kunna tsohuwar na'urar sitonmu na Sabon Gari,
wadda ba ta san hoto ba, ba ta san launi ba,
baƙin allo, korayen haruffa,
da ɗigo ɗaya mai ƙifta ido yana jiran umarni.

Saƙo daga Kwatano.
Mantau ne, ƙanena, bayan shirun shekara huɗu.
Ko sallama babu.
Layi ɗaya tak: duba takardar da na haɗo.

Na buɗe ta kai tsaye, sai allo ya rikice,
ƙugiyoyi, akwatuna, baƙaƙen da ba na Larabci ba, ba na boko ba,
kamar buhun aya ya fashe a hanyar Ɗan Isa
motoci sun bi ta kai.

Barira mai lissafin buhuna ta ajiye bironta.
Ta ce, Baba, ba haka ake cin ta ba.
Ta buga kalma biyu, da sanda a tsaye tsakaninsu,
ta ce wannan rariya ce, tura ta ciki.

Na'ura ta sheƙe takardar.
Jan rubutu ya tafi, manyan baƙaƙe suka rusuna,
adon gefe ya bi iska kamar ƙaiƙayi,
tsaba ta zauna.

Maganar gonar Babanmu ce ta bakin Gulbi.
A sayar.
Ya zana jadawali, amma katangunsa sun rushe a hanya:
kadada ta hau kan kuɗi,
sunan Inna ya faɗa ƙarƙashin farashin rijiya,
jikka ɗari takwas tana tsaye ita kaɗai
ba ta san mai ita ba.
Na bi da yatsa ina mai da kowa ɗakinsa.

Can ƙasa, bayan sa hannu,
inda ya kamata magana ta ƙare,
sai ga wasu layuka tsirara:

Yaya, ba son raina ba ne. Bashi ya ci ni.
Kunya ta hana ni kira.
Tsamiyar nan tana nan?

Barira ta leƙo, ta yi shiru, sannan ta ce,
wannan ya goge shi ne kafin ya aiko.
Tasa na'urar ta rufa masa asiri.
Tamu ba ta iya ba.

Na daɗe a zaune.
A waje ana ɗora wa kamyon Jibiya kaya,
ƴan dako na ƙirga da ƙarfi, sittin da ɗaya, sittin da biyu.

Ban taɓa maganar jadawali ba.
Da yatsa biyu, kafin kuran ya sake tafiya,
na rubuta masa, ba tare da haɗa komi ba:

Tana nan. Bana ma ta yi ƴaƴa.