Murhun Gidan Halyna

Ƙarfe shida na asuba waya ta tashe ni.
Janairu ne a Winnipeg,
sanyin da ke daskarar da numfashi a gashin baki,
ƙofar mota ma sai da lallashi take buɗuwa.
"Murhuna ya yi shiru," in ji muryar,
kamar mai sanar da rasuwa.

Halyna Prokopchuk, shekara tamanin da huɗu,
ta tarbe ni da riguna uku a jiki,
bargo a kafaɗa, kyanwa a cikin bargon.
Muka gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
matakala goma sha ɗaya, ta biyar tana kuka,
muka wuce kwalaben kabeji mai tsami,
sai ga shi a lungu ya yi jugum,
ƙaton ƙarfe ruwan toka, ciki babu wuta.

Na durƙusa na haska tocila.
Tsatsa ta ci gindinsa.
A can ciki, inda wuta ke kwana,
ga wata tsaga siririya kamar silin gashi.
Ta nan iska mai guba ke sulalowa,
ba ta da wari, ba ta sallama.

Na ce, "Yaushe aka kafa shi?"
Ba ta amsa ba. Ta nuna mini murfinsa.
Rubutun fensir ne jere tun daga sama,
ranakun da aka canza matata,
ranar da aka ɗiga wa fanka mai,
hannun namiji, mai danna fensir da ƙarfi.
Shekara ashirin da biyu yana saukowa,
sai layi ɗaya ya karkace,
sai fili, faɗin yatsa biyu,
sai wani hannun ya ɗauka, ƙanana, masu rawa.
"Na sama na Ostap ne," in ji ta.
"Na ƙasa nawa."

Talatin da ɗaya, da na ƙirga.

Irinsu sha biyar suke yi, in an kula ashirin.
Na'urar sanyin da ke waje,
wadda ta rufe da katako ta danne da bulo,
ita sha biyar ma da kyar take gani.
Wannan ya cinye rabonsa,
ya haɗa da na maƙwabci.
Na rufe bututun gas, na ɗaura jan kati,
hannuna ya yi nauyi kamar na mai rufe ido ga mamaci.

A kicin ta kunna mini butar shayi.
Na baje takardar farashi a kan tebur:
ga mai araha, ga mai tsada.
Ta sa tabarau, ta bi lambobin da yatsa.
"Sabon, shekara nawa zai yi?"
Na ce, "Ashirin, in an yi sa'a."
Ta yi dariya har kyanwar ta diro.
"Ashe shi zai raka ni, ba ni zan raka shi ba."

Na zaci mai arahar za ta nuna.
Yatsanta ya tsaya a kan ɗayan.
"Wata rana wasu za su sayi gidan nan,
da jariri wataƙila.
Ba na so su zage ni a Janairu."

Washegari mu biyu muka ciccibo tsohon,
ni da Renato, muna nishi,
matakala ta biyar ta yi kukanta.
A bakin ƙofa ta tare mu da hannu.
"Ku tafi da gangar jikin.
Murfin ku bar mini."

Kafin la'asar sabon ya kama,
wuta shuɗiya, ba hayaniya,
ɗumi ya fara hawa ta ramukan daɓe,
kyanwar ta je ta kwanta a kan na farko.
Ina tattara sifanu na ji motsi a bayana.
Ta sauko, tana dafa bango,
fensir a hannu,
tana neman wuri mai santsi a jikin sabon ƙarfe.