Mabuɗin Eulogia

A El Alto, inda numfashi ke tsada,
inda dutsen Illimani ke lulluɓe da fari ko da rana tsaka,
Eulogia Limachi ta ciro mabuɗi daga wuyanta,
igiyarsa ta gashin tunkiya, gumi ya rine ta baƙa.
Shekara ashirin da uku yana nan, tsakanin fata da riga.
Ta ce, "Remedios, ga ƙungiya."
Ba ta ƙara ko a ba.

Ni kuwa ban jima da dawowa daga kwas a La Paz ba,
mako shida ana koya mana shugabanci a kan allo,
na zo da takardar shaida mai hatimi,
kaina cike da jadawali da kibiyoyi.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce:
tukunya huɗu, murhun gas uku, ɗaya na yoyo,
yara ɗari da goma sha bakwai,
'ya'yan matan da ke fita kasuwa tun duhu bai yaye ba.
Miyar dankali, biredi ɗai-ɗai,
nama ranar da Allah ya kawo.

Amma ban manta watan Yuni ba,
lokacin da aka kwantar da ita asibiti.
Kwana uku ƙofa na garƙame,
mabuɗi na can yana shan ƙarin ruwa tare da ita.
Yara na jere jikin bango, hanci na zuba,
ba wanda ya san lambar mai kawo shinkafa,
ba wanda ya san inda littafin banki ke kwana.
Ta goye mu da zuciya ɗaya, wannan gaskiya ne,
sai dai goyon ya daɗe
har ƙafafunmu suka manta da ƙasa.

A taron amintattu na ce zan yanka mabuɗin gida biyar.
Don Casimiro Poma, ma'aji, ya cire tabarau:
"Yarinya, in masu dafuwa sun yi yawa, miya kan lalace."
Na ce, "Na ga miyar da ba a dafa ba sam.
Ita ce ta fi lalacewa."
Uku suka ɗaga hannu, biyu suka kalli silin.

Ranar Alhamis na je wurin mai yankan makullai.
Injinsa ya yi ƙara, garin ƙarfe ya zubo,
shekara ashirin da uku ta haihu cikin minti goma.

Ɗaya ga Fidela mai girki.
Ɗaya ga Wilmer, wanda ya taɓa cin miyar nan a tsaye
don kujera ta fi shi tsawo,
yanzu shi ke riƙe da lissafi.
Sauran ma sun sami wuya.

Mako na biyu Fidela ta yi odar albasa buhu shida maimakon biyu.
Na ciji leɓe har na ji gishiri.
Hannuna ya kai kan igiyar wuyanta, a zuci,
na janye shi.
Muka ci albasa wata guda.
Wilmer ya ɓatar da rasit, masu ba da tallafi suka rubuto daga ƙetare,
na zauna kusa da shi har dare, ban karɓi biron ba.
Wannan darasin babu shi a kan allo.

Sai wata safiya masu zanga-zanga suka tare hanya da duwatsu.
Na taka da ƙafa, awa biyu, ina haki,
mabuɗi na dukan ƙirjina.
Na sha kwana,
sai ga ƙofa a buɗe, tururi na fita ta taga,
cokula na ƙara.
Ba wanda ya tambayi inda na tsaya.

Abin ya ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye ba.

A kusurwa na hango Eulogia da sandarta,
ta ɗanɗana miya, ta yamutsa fuska:
"Gishiri bai ji ba."
Ta dubi wuyan Fidela, ta daɗe tana dubawa,
sannan ta miƙa kwano
a ƙara mata.