Mai Injin Kwafi a Samaru

Shagona taku huɗu ne, daura da ƙofar jami'a,
tsakanin mai shayi da mai gyaran waya.
Inji ɗaya, janareto mai tarin tsufa,
da kwalin takardun da masu su suka manta.

Ban wuce aji uku a sakandare ba.
Shekarar da Baba ya kwanta a Shika
na ajiye biro, na kama sana'a.
Sai ga karatu ya biyo ni har inda nake,
yana kwanciya rubda ciki a kan gilashina,
shafi talatin, gaba da baya hamsin.

Da hantsi Ladidi ta kawo adabi,
rubutu kamar kaza ta bi ta kan rairayi:
jigo, salo, zubi da tsari.
A gefen shafi ta sa, "A saya wa Inna magani."
Inji bai san sirri ba, ya kwashe duka.
Yanzu ajinsu kaf na gaishe ta da mai jiki.

Bulus na Wusasa, likitan gobe,
ya shimfiɗa mini zuciya, an tsaga ta biyu,
ga ƙofofi, ga jini na shiga yana fita.
Na dafa ƙirji, na yi shiru.
Ashe da gida mai ɗaki huɗu aka haife ni,
ni da ke biyan hayar ɗaya a Hayin Dogo.

Zinatu kuwa ta ajin kwamfuta ce.
Shafi goma, ba komai sai sifiri da ɗaya.
Na ce, "Malama, ko injin ne ya rikice?"
Ta ce, "Da biyun nan ake faɗin komai,
hoto, murya, har kuɗin da ke asusunka."
Na ce, "To nawa asusun ya riƙe sifirin,
ɗayan yana wajenku."

Shu'aibu ya hau mota tun daga Kongo,
ya kwafi babin yarjejeniya da hukuncin bashi,
ya ce zai biya ni ranar Laraba.
Laraba tara ke nan.
Babin dai na karanta shi, na san hakkina.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakar aiki,
ko tawada ta yi gardama ta ja baƙin zane,
shafin ya lalace, ba mai biyan kuɗinsa.
Waɗannan su ne nawa.
Ina tara su, in huda, in ɗinke da zare.
Littafin ba shi da farko, ba shi da malami:
ana cikin yaƙin wata tsohuwar daula
sai ka faɗa cikin cutar da ke kama dawa,
jimla ta tashi a ilimin sinadarai
ta je ta sauka a nahawun Larabci.
Rabin kowane zance na sani.
Sauran rabin yana can bayan katanga.

Jarrabawa ta wuce, gari ya yi tsit,
buhun takardu ya koma wajen mai ƙosai.
Jiya na ci na ɗari biyu a cikin lissafi,
mai ya ratsa har ana hango amsar baya.

Da dare Asabe, 'yata, ta jawo littafin,
ta buɗe daidai inda zuciya take.
Na nuna mata ɗakunan da ɗan yatsa,
har inda baƙin zanen ya haɗiye bayani.
Ta ce, "Baba, daga nan jinin ina ya nufa?"
Na ce, "Nan tawada ta tsayar da ni.
Ke za ki shiga ciki ki jiyo mana."

Ta yi hamma, ta ce sai da safe.
Na tuna ban sayi fetur ba.