Matakala Goma Sha Bakwai

Ran da aka sabunta shimfiɗar masallacin unguwarmu,
aka naɗe tsohuwar, aka jingine ta bayan famfon alwala.
Kwana uku tana can, kuliyoyin Makka na kwana a cikinta.
Na ce da ladan, Malam Ɗalha, a ba ni.
Ya ce, ɗauka mana, ka rage wa motar shara aiki.

Ni da Jazuli muka saɓo ta,
muka hau tudun Hindawiyya, shi gaba, ni baya,
har wani mai shago ya miƙe yana salati,
ya zaci gawa muka ɗauko.

Benenmu siminti ne tsirara.
Matakala goma sha bakwai, babu biyu masu tsayi ɗaya,
magini da ido ya auna su, ya karɓi kuɗinsa ya ɓace.
A ta tara Inna Tasalla ta zame bara, da buta a hannu.
Tun ranar take ƙirga su a fili
kamar mai bin su bashi.

A saman rufi na kakkaɓe dardumar.
Ga abin da shekara ashirin ta bari:
ƙwallon dabino, ƙwayar carbi guda,
kwabon da ya yi baƙi har ba a gane na wace ƙasa ne,
da ƙamshin turaren da ya ƙi rabuwa da zare.

Na ɗauki reza, hannuna ya tsaya.
Kowane zanen mihrabi da tabonsa,
inda goshi ya cinye ja ya bar fari,
ƙasa kaɗan kuma ga sawun gwiwa biyu.
Babanmu ya yi asuba a kanta har ƙafa ta gaza.
Ban san wanne ne tabonsa ba.
Sai na yanka a tsakanin sahu da sahu,
ban raba goshin kowa biyu ba.

Gam na riyal goma sha biyu, ƙusar kankare rabin leda.
Jazuli na ja, ina bugu, zufa na ɗiga a kan guduma.
Baba Sambo ya leƙo ta katanga:
abin da aka yi wa Allah sujada a kai,
shi za ku mayar hanyar takalmi?
Da ƙusa uku a bakina, ban amsa ba.
Ko da babu ƙusar ma, ba ni da amsa.

A ta goma sha biyar darduma ta ƙare.
Na juya guntaye, na gwada haɗa su, suka ƙi.
Biyun sama suka tsaya yadda magini ya bar su.

Bayan la'asar Inna ta dawo daga gidan suna.
Ta dubi jan da ya hau bene,
mihrabi bisa mihrabi, duk sun fuskanci sama.
Ba ta ce an kyauta ba.
Ta tuɓe silifas ta ajiye a gindi,
ta yi bisimilla, ta sa ƙafar dama.
Ba ta ƙirga ba.

Yanzu gindin benenmu takalma ne jibge,
na yara, na baƙi, na mai kawo tulun gas,
har da na Baba Sambo, ran da ya zo aron guduma.

Abu ɗaya ne ban yi lissafinsa ba.
Dā da asuba, daga kan gado,
da ƙarar silifas nake sanin ta kwana lafiya.
Yanzu darduma ta haɗiye sawunta.
Sai in kwanta shiru, in kasa kunne,
ina jiran sandarta ta taɓa biyun da ban rufe ba.
Ƙwas.
Ƙwas.
Sannan in tashi in yi alwala.